Malam Oumarou Bai Ci Naman Ba

Ku gaya mini don Allah, ku da kunka fi ni sanin duniya: mutumin da bai taɓa kai tsoka ɗaya ta naman nan bakinsa ba, yaya za a yi a ce naman ne ya kashe shi? Ni dai na rasa gane wannan magana. Tun ranar da anka rufe shi nake jin ta, a kasuwar Lazaret, a bakin famfo, har a ƙofar masallaci bayan an sallame. In na ce ƙarya ne, sai a dube ni sama da ƙasa a ce, "Kai baƙo, yaushe ma ka zo Yamai?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Oumarou, mai duban nama na gidan likitan dabbobi, rasuwa ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na 1985, da hantsi, a gidan likita nan Yamai. Sanƙarau ne, likitan da ya riƙe shi ya faɗa a gabana. Anka yi masa sutura a gidansa na Banifandou bayan la'asar. Ya bar matarsa Inna Ramatou da ƴaƴansu, da tsohuwarsa can Damagaram. Ni Adamu ne nake rubuta wannan, wanda kuke gani bayansa kan mobilet, ɗan babur ɗinsa, rungume da baƙin akwati. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba, to in kun ga baƙi ya karkace ku yi haƙuri. Na roƙi a karanta shi yau wajen sadakar bakwai, don ni ba zan samu zama ba, kuma za ku ji dalili.

Malam, da kai zan yi magana yanzu, don mutanen gari sun gaji da bakina.

Ka tuna inda ka tsince ni. Damina ta ƙi, ciyawa ba ta fito ba, shanunmu suna ta faɗuwa can arewa da Tawa, wadda ta kwanta ba ta tashi. Sai anka ce gwamnatin soja tana karɓar dabbobin da ƙarfinsu ya ƙare, a yanka, a busar da naman a ajiye wa masu yunwa. Babana ya ce in bi ragowar namu in ga ƙarshensu, shi idonsa ba zai iya ba. Haka na shigo garin nan cikin kamiyo, babbar motar kaya, tsaye tsakanin shanu, ban san kowa ba, ba Zabarmanci, ba Faransanci. A wani fili can wajen Tondibia anka yanka su. Cikinsu har da jar saniyar da nononta ya raine ni, ni da yayata Ladi. Da anka gama, na koma bayan igiyoyin shanya na zauna, ina kallon naman yana lilo, ban san inda zan sa kaina ba.

Ka zo kan mobilet ɗinka, ka tsaya ka dube ni. Ka ce, "Samari, naku ne?" Na ce da dai namu ne. Ka ce, "To tashi ka riƙe mini akwatin nan, mu je mu ga ba a wulaƙanta su ba." Shi ke nan. Ba ka tambayi ɗan wane ne ni ba. Da yamma ka kai ni Banifandou, ka ce wa Inna Ramatou ga baƙo, anka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Ta kawo dambu da kopto, ni ban taɓa ganin an kwaɗa zogale haka ba, na tsaya ina kallon ƙwarya, ƴaƴanka suna ta dariya a bakin ƙofa. Ka kore su, ka zauna ka sa hannu tare da ni. Kai ka ba ni takalman da ke ƙafata yanzu. Kai ka kai ni ajin yaƙi da jahilci, ka ce wa malamin in na yi fashi ya aiko maka.

Aikinka ne ya fara ɗaure mini kai. Mu a garinmu in za a san nama, sai a yanka a duba ciki, a sansana, a gasa ɗan yanki a ɗanɗana. Kai kuwa ka ce naman da anka sa wa gishiri anka busar, anka zuba cikin leda mai kauri anka liƙe bakinta da wuta, ranar da ka buɗe shi ka gama da shi. Iska ta shiga, ƙwari sun samu ƙofa, ba ya sake ajiyuwa. Ka ce mini, "In likita sai ya farke cikin mutum kafin ya ce lafiyarsa lau, wa zai rage a gari?" Na yi dariya ranar, amma wallahi ban yarda ba. A zuciyata na ce wannan bawan Allah duba yake yi, irin na masu buga ƙasa, sai dai shi nasa da fitila.

Da kunne ka fara koya mini. In an girgiza leda, busasshen nama yana ƙara kamar tsakuwa cikin ƙwarya, wanda ke da sauran ruwa kuwa sai ka ji dif-dif, ba murya. Sannan hannu. In ka latsa leda ta ƙi kwanciya, ta kumbura kamar cikin akuyar da ta shiga gonar wake, to wani abu na numfashi a ciki. Sannan rana. Mu shimfiɗa ledojin su yi zafi, mu kwaso mu ɗora kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa, mu jira. Wadda gumi ya fito mata ta ciki, ɗigo-ɗigo kamar raɓa, ba ta bushe ba, ko da naman ya yi kyau a ido. Sannan farar fitila mai pil, wato batir, a haska ta baya, sai ka ga ramukan ƙwari da garin da suke bari a gindin leda. Na ƙarshe ita ce baƙar fitila, wadda haskenta ke kama da shuni. Ita sai cikin duhu, sai mu lulluɓa da bargo tsakar rana, zufa na zuba, kai kana juya leda kana cewa duba nan, duba nan. Fumfuna takan tashi da wani haske ƙarƙashinta, kitsen da ya juya shi ma da nasa.

Sumana, dattijon da ke tuƙa kamiyon magaza, wato ɗakin ajiyar naman, Bazabarme, in ya gan mu cikin bargo sai ya ce, "Boka mai pil, yau me aljanunka sunka ce?" Kai kuma ka amsa daga ciki, "Sun ce direba ya daina jefa leda kamar bulo, in ba haka ba su kwance masa taya." Kuna da wannan wasa, amma ranar da ya jefo wata ta fashe a ƙasa, ba wasa ka yi ba. Faɗan da ka yi masa har sojan bakin ƙofa ya leƙo. Gaskiya kana da zafi, Malam, ba zan ɓoye ba don ka mutu. Kana mance abinci, kana mance mutum ya gaji. Amma washegari kai ka fara gai da shi, da Zabarmancinka na Damagaram da yake yi wa dariya.

Yanzu ga abin da nake so masu cewa ka ci naman su ji. Baba Yakuba mai kilishi na Lazaret, na san kana zaune wajen nan, in ƙarya nake ka tashi ka faɗa. Al'adar rumfunan kilishi ita ce in mai duba ya zo, a yago masa gefen da ya fi kyau a miƙa, ya ci, ya ce madalla, ya wuce. Kafin shi wani ya yaga, bayansa wani zai yaga, har faifan kilishin ya koma kamar tsumma. Ranar da munka je, Baba Yakuba ya yago ya miƙa maka da hannu biyu. Ka ce ka gode, ba ka karɓa ba. Ka ɗauki wani cikakke, ka ɗaga shi wajen rana, ka juya, ka ɗan lanƙwasa kusa da kunne, ka sansana, ka mai da masa yadda yake, ka ce lafiya lau. Tsoho ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, guba munka sa ne, ko hannunmu ne ke da ƙazanta?"  Wajen mahauta wanda ya ƙi abin da anka miƙa masa ya raina mutane, ni ma haka na tashi na sani, kunya ta kama ni kamar in nutse. Daga ranar in mun zo sai su amsa sallama ciki-ciki.

Da anka yi suna a gidan Baba Yakuba, ba wanda ya gayyace ka, ka ce in tashi mu je. Ka zauna tsakiyar tabarma, ka ci tuwo, ka ci nama, ka nemi ƙari, har mutane sunka fara taɓa juna. Da ka wanke hannu ka ce masa, "Baba, a gidanka baƙonka ne ni, in ci in ƙara. A rumfarka in na ci, harshena zai yi maka kara, ya ce lau ko da ba lau ba." Tsoho ya yi dariya har da tari. To mutumin da ya yarda layin mahauta guda ya ƙi shi don kar ya ɗanɗani abin da yake dubawa, shi ne za a ce ya ɓuya cikin magaza yana cin naman bayin Allah?

Ga yadda anka yi ka shiga magazar. Kafin a kira ka, an riga an kai kamiyo guda na busasshen naman nan sansanin ƴan gudun fari da ke bayan Lazaret. Ashe cikinsa akwai wanda anka zuba a leda bai gama bushewa ba, don an ce daga sama ana sauri. Yara sunka kama amai da zawo, wasu ba su tashi ba. Lokacin yayata Ladi ta iso sansanin da jaririnta a baya, mijinta ya tafi ci-rani ba labari. Allah ya sa rabon bai kai kanta ba. Sai soja sunka rufe magaza da kwaɗo, anka ce ba mai sake taɓa naman. Tun daga nan abincin sansanin jar dawar taimako ce kawai, a dafa da ruwa da gishiri. Ku je ku ga Ladi. Nononta ya ɗauke, yaron yana tsotso yana kuka ba hawaye. Kuma naman shanun ubanta yana nan kulle cikin garin, ta san da haka.

Kai ka bi buro-buro, ofis bayan ofis, ina tsaye waje ina gadin mobilet, har anka yarda ka duba ledojin ɗaya bayan ɗaya ba tare da an buɗe ba. Ka ce mai kyau ya fi yawa, ba dalilin da zai sa a hukunta duka don laifin kaɗan. Munka kasa magaza uku. Wanda ka yarda da shi bangon gabas, wanda ka ƙi bangon yamma, wanda ba mu kai kansa ba tsakiya. Ka so ka sa wa kowace leda alama, amma alli ba ya zama kan leda, hannu ɗaya ya shafa ya tafi. Ka nemi fenti, anka ce gobe, gobe ta zama jibi, har yau bai zo ba. Ka ce ba komai, bango ba ya tafiya. Tulin gabas yana ta hawa, mun ci fiye da rabi. Har na je na gaya wa Ladi ta ƙara haƙuri, abu ya kusa.

Sai ranar nan cikin bargo ka ce kanka na sarawa. Na ce mu huta, ka ce zafi ne. Can ka ture bargon ka fita da sauri, ka yi amai a bakin ƙofar magaza, gaban sojojin gadi. Da na ɗago ka, wuyanka ya ƙi juyawa. Sumana ya kawo kamiyo munka sa ka gaba. Maganar da ka yi mini ta ƙarshe, ina riƙe da kanka kar ya bugi ƙarfe, ita ce, "Ka cire pil daga fitilun, kar su zube." Ba ka ce mini komai ba bayan wannan. Na yi ta jira a gidan likita ko za ka buɗe ido ka ƙara wata, ba ka ƙara ba.

Aman nan na bakin ƙofa shi ne tushen maganar. Wani ya gani ya faɗa wa wani, kafin a kai ka makwancinka labari ya riga mu kasuwa. Kuma mutane sun yarda ne don kansu bai ɗauki a ce ana duban nama ba a ci ba. Sai su ce, "To da me yake sani? Ai dole yana ɗan taɓawa." In na fara bayanin gumi da fitila sai su ce yaro ya sha rana. Sanƙarau yana ta ɗaukar mutane a unguwanni bana, wanda bai taɓa ganin ƙofar magazar ba ma ya tafi, amma naka kaɗai ne na nama.

Wannan ma da sauƙi, Malam. Ga wanda ya fi ci mini rai, kuma ban san yadda zan gaya maka ba. Ina nan Banifandou wajen zaman makoki, ashe an ce wani babba zai zo ganin magaza. Sojojin gadi sunka shiga sunka tarar da tuli uku, wani dogo, wani gajere, wani ya jingina da bango ya karkace. A wajensu wannan ƙazanta ce. Sunka kwashe duka, gabas da yamma da tsakiya, sunka jera layi-layi, kai ɗaya, gefe ɗaya, kamar masu fareti. Sunka share ƙasa, har da yayyafa ruwa. Da na koma, sarjan ɗin da ya sa anka yi aikin ya buɗe mini ƙofa yana murmushi, ya ce, "Ɗan Tawa, ka ga yadda ake aiki?" Wallahi ba da mugunta ya yi ba, jira yake in yaba. Ni kuwa na zauna nan ƙasa cikin laimar. Duk zufar da ka zubar cikin bargon nan, duk ciwon kan da ka danne, an jera shi layi. Babban ma bai zo ba.

Washegari na ga an ajiye durom na isansi, wato fetur, a bakin magaza. Sumana ya ce mini an yanke a ƙone duka a bayan gari. Na ruga buro ɗinku, anka ce sauran masu duba duk suna daji wajen dabbobi, wanda zai maye gurbinka sai an nemo, ba a san yaushe ba. Na dawo gida na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Ramatou, tana takaba, ta yi mini magana ta bayan labule. Ta ce, "Adamu, kukan me kake a ƙofata? Akwatinsa na fitilu yana ƙarƙashin gado. In an ƙone naman nan, shi ke nan an tabbatar shi ya kashe shi, ƴaƴana su tashi da wannan. Ɗauki ka tafi."

Sumana ya raka ni wajen ajidan, babban sojan da ke riƙe da mabuɗin magaza. A hanya ya koya mini in ce mon ajidan, kar in ce ranka ya daɗe. Mutumin ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Kai likita ne?" Na ce a'a, mon ajidan. Ya ce, "Ka yi lakwal, karatun boko?" Na ce a'a. Ya ce, "Yaran wancan karo, ni da sojojina munka haƙa musu rami. Ba zan sake haƙa wani don maganar fitila ba." Ban ga laifinsa ba, Malam, idonsa ya yi ja da yake faɗa. Sumana ya sa baki da Zabarmanci, sunka daɗe suna yi, ni ina tsaye kamar turmi. Can ajidan ya juyo ya ce ga abin da zai iya. Zai buɗe mini magaza in sake rabawa. Kullum in na tashi, shi zai sa hannu cikin tulin da na ce mai kyau ne, ya zaro leda wadda ya ga dama, a buɗe, a dafa, in ci a gaban sojoji da wakilan sansanin. In na kai Juma'a da ƙafafuna, abin da na ware ya tafi Lazaret. In cikina ya juya ko sau ɗaya, isansi na nan.

Na amsa. Me zan ce? Na san abin da za ka ce, ka sha faɗa mini harshe ba ya ganin ciwo, kuma cikin saurayi ba cikin jariri ba ne, abin da ni zan ci in kwana lafiya yana iya kayar da yaro. Na gaya wa ajidan haka, ya ce shi wannan ce shaidar da mutane za su gane. To ka gani, aikin da ka yi rayuwarka kana nuna ana iya yinsa ba yanka ba ɗanɗano, ga shi ya dawo kan bakina.

Kuma ba cin ne ke ba ni tsoro ba. Rabawar ce. Kunne na iya, hannu na iya, gumi ko makaho ya kusa gani. Amma baƙar fitila ba ka gama koya mini ba. Gishirin da ya fito bayan nama da farar fumfuna, har yanzu wani lokaci kama suke yi mini. Ka ce fumfuna tana da gashi, gishiri yana da ƙyalli, amma ta cikin leda, ƙarƙashin bargo, zufa na shiga ido, ba kullum nake rabewa ba. Sannan ka ce akwai wani abu na uku da fitilar ke nunawa, wanda ya fi su haɗari, ka ce, "Sai mun ci karo da irinsa in nuna maka, baki ba ya kwatanta shi." Ba mu ci karo da shi ba. Ko kuwa mun ci, ka ajiye shi yamma ba ka tsaya ba don sauri, ban sani ba. Haba Malam. Mutum ya ce akwai rami a hanya, bai ce ga inda yake ba, ya tafi? Na san ba kai ka zaɓi ranar ba, Allah ya yafe mini wannan magana, amma ina jin haushinka, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ka ce abin da na yi shakka in kai shi yamma. To in na bi tsorona, duka magazar za ta koma yamma, a ƙone, ɗan Ladi da ire-irensa su ci gaba da ruwan dawa. In na bi tausayi na saki hannu, in zama ni na aika wa yaran mutane ciwo. Kai kana tsayawa tsakanin biyun nan kana raha da Sumana, ban taɓa sanin nauyin da ke kanka ba sai yanzu.

Don haka jama'ar da ke zaune, ina roƙonku abu kaɗan saboda Allah da saboda mamacin nan. Cikinku akwai malaman lakwal da ɗalibai da ma'aikata, ƴan Damagaram da Maradi da Tawa. In akwai wanda ya taɓa karatun dabbobi, ko ya san wanda ya san aikin baƙar fitilar nan, ko da rabin sani ne, ya zo magaza ya shiga bargo tare da ni. Sumana zai nuna masa hanya. Wanda ke da manyan pil a rediyonsa ya ara mana, namu sun yi sanyi, hasken har ya fara ja. Kuma don girman Allah ku bar cewa nama ya kashe shi. Duk wanda ya sake faɗa, ashana ce yake miƙa wa mai isansi.

Allah ya jiƙan Malam Oumarou, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan. Yunwar da ya so ya kashe wa bayin Allah, ko bai ga ƙarshen aikin ba, Allah ya rubuta masa ladarta cikakkiya. Zafin da ya yi wa wani cikin aiki, ina roƙa masa gafara wajenku, ni nawa na yafe duniya da lahira. Inna Ramatou, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da abincin da kika ciyar da baƙon da ba ki san asalinsa ba. Allah ya raya ƴaƴansa, ya sa su gaji gaskiyarsa. Tsohuwarsa a Damagaram, da ƴan'uwansa, da abokan aikinsa da ke daji ba su ma ji ba tukuna, Allah ya ba kowa dangana. Maƙwabta na Banifandou da kunka tsaya kan gawarsa, kala suuru, sai haƙuri, kamar yadda kuke cewa da Zabarmanci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Sumana yana waje da kamiyo, tun ɗazu yake danna mini ƙaho. Ban karya ba yau, ajidan ya ce in zo da cikina wayam don kar a ce wani abu ne daban. In an raba abincin sadaka, rabona a kai wa Ladi a sansani, bukkarta ce ta kusa da tankin ruwa. Ni zan tafi yanzu.